Ranar da Kawu Andani Ya Tsaya Gaban Gilashi

Aboabo, Tamale
Afrilu, 1958

Zuwa ga Yayana Zubeiru, a Libaful ta Ingila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kare ka daga sanyin ƙasar can, ya kawo ƙarshen karatunka da alheri. Mu nan muna godiya ga Allah. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma rumfar goronsa. 'Yar'uwarmu Humu ta sauka lafiya, an samu namiji, an kuma yi maka takwara. Mma lafiyarta ƙalau, amma hankalinta ya tashi ƙwarai a 'yan kwanakin nan, kuma ni ne sila. Bari in faɗa tun da wuri don kada gabanka ya faɗi: ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji rauni.

Gilashin kyamarar da ka aiko ya iso, ko ƙwarzane babu. Ka tuna dalilin da ya sa na roƙe ka. Tun da na gama kwaleji aka ba ni ajin kimiyya, na tarar littattafan yaran cike da dabbobin Ingila, alhali ga tutar 'yancin kanmu a bakin makaranta tun bara. Na so su ga gwanki da ɓauna da kada na ƙasarsu. Ƙaramin gilashin da ya zo da kyamarar, mai milimita hamsin, ba ya wannan aikin: na ɗauki barewa da shi, da aka wanke hoton ba ta fi ƙuda ba. Mai ɗari da talatin da biyar ba shi da nauyi, amma sai mutum ya matsa kusa, dabba kuwa ba ta jira. Shi ya sa na zaɓi mai ɗari huɗu, wanda ke ninka girman abu sau takwas. Aibinsa ɗaya, ko numfashi ka ja hoto ya girgiza. Madogarar kyamara mai ƙafa uku ba ta ɗaukuwa a keke, don haka na ce ka haɗo da ƙotar katakon nan da ake dannewa a kafaɗa, mai kunama a ƙasa. Na auna nauyi, na auna haske, na auna nisa. Abu ɗaya ne, Yaya, ban tsaya na duba ba: kamannin abin a idon wanda ke kallona.

Na ce in fara da dabbar da ba ta gudu, sai na tafi ƙauyen su Mma. Ka san tafkin da ke bayan gidan kakanmu, ka kuma san yadda suke ɗaukar kadojin cikinsa: a wurinsu kowane kada na wani gida ne, wanda ya taɓa shi kamar ya taɓa mutumin gidan. Na yi komai bisa ƙa'ida. Na kai wa Kawu Andani goro, na tsugunna na gaishe shi, na nuna masa kyamarar. Ya jujjuya ta yana dariya, ya ce wannan 'yar akwati ko kaza ba za ta firgita ba, ya yi mini izini, har ya ce zai raka ni. Dogon gilashin da ƙotar kuwa suna cikin jakarsu a bayan keke. Ban ɓoye su ba, wallahi. Kawai bai zo mini a rai cewa su ma sai an nuna ba.

A bakin tafki Kawu ya tsaya gaisawa da mata masu wanki. Ni kuma na haɗa kayana, na durƙusa, na danne ƙota a kafaɗa, na rufe ido ɗaya, na saita babban kadan da ke shan hantsi a ɗaya gefen. Ina ganin ƙwayar idonsa kamar in miƙa hannu in taɓa. Sai na ji kururuwa, sai duhu ya rufe gilashin, yatsana kuma ya riga ya ja kunama. Da na ɗago kai, Kawu ne tsaye daf da bakin gilashin, ya buɗe hannuwa, ya ba ni ƙirjinsa. Da ya ji ƙaras ɗin kyamarar sai ya runtse ido. Daga nan ya sa hannu cikin rigarsa yana laluben jini. Ƙanin mahaifiyarmu, wanda ya goya mu a kafaɗa, ya gaskata cewa na harbe shi.

Na yi ta bayani, Dagbanci ya gudu daga bakina, na koma Hausa, ba wanda ya saurara. Wumpini ɗan Kawu ya karɓe kayan daga hannuna, ya ce in hau kekena tun matasa ba su taru ba. Washegari saƙo ya iso wa Mma a Aboabo daga mai kula da ƙasar, wanda suke kira tindana: tun da ɗan Sanatu ya ɗaga bindiga a kan kadan gidan ubanta, kada ta sake taka ƙauyen sai an yi shari'a. Mma ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna bakin murhu, ta tambaye ni, in ta mutu wa zai zo daga gidansu ya tsaya a kanta. Da ma dukana ta yi.

Na sa rai hoton zai wanke ni. Wumpini ya yarda ya ciro mini fim ɗin, na kai wa Kadiri mai hoto. Amma gilashin nan ba ya fito da abin da ke kusa da shi haka, sai abin da ya yi nisa. Abin da ya fito wani baƙin gajimare ne kawai. Kadiri ya ce in na kai wannan gaban dattawa za su ce hayaƙin bindigar ne na ɗauka.

Ranar shari'a Baba ya raka ni. Na roƙi tindana, ta bakin Kawu, ya sa idonsa da kansa, tun da gani ya kori ji. Ya daɗe yana duban abin, sa'an nan ya leƙa. Sai ya zabura baya yana tambayar yaushe matarsa ta haye tafki, don ya gan ta a gabansa tana matse zane, alhali tana can nesa. Mutane suka fashe da dariya, ni dai ban iya ba. Da ya natsu ya ce ya yarda gilashin ido ne, ido kuwa ba ya kisa. Amma ƙotar, in ji shi, wanda ya sassaƙa ta ya san abin da yake kwaikwayo, kuma kada ba ya karanta takarda, siffa yake gani. Ya yanke cewa ƙotar ta zauna a ƙauye, Mma kuma ƙofar gidan ubanta a buɗe take. Jiya ta tafi da sassafe, ta ɗaure musu gishiri da sabulu.

Don haka ga roƙona. In ka samu hali, ka nemo mini mai milimita ɗari biyu, wanda hannu kaɗai ke riƙewa. Ninki huɗu ne kawai, na sani, zan koyi haƙuri da zama a inuwa. Kafin ka saya, ka ɗaga shi a fuskarka gaban madubi ka duba me ka yi kama da shi.

Kawu bai yi mini magana ba a wurin shari'ar sai abin da ya zama dole. Amma Mma ta dawo da yamma da saƙonsa. Ya ce abin da ke hana shi sakewa ba tsoron da ya ji ba ne, kunyar cewa ya zaci haka daga ɗan 'yar'uwarsa ce. Ya ce in zo in ɗauke shi hoto a bakin tafkin, in aika maka, amma da ƙaramin gilashin nan marar amfani, don in tsaya kusa inda zai ga fuskata. Ranar Asabar zan je, in Allah ya yarda.

Baba da Mma suna sa maka albarka. Humu da mijinta da takwaranka suna gaishe ka, haka Rafi'atu, wadda ta ce ka yi mata alkawarin ɗankwali. Ka gaida Malam Iddrisu mai masaukinka.

Ƙaninka mai yi maka addu'a kullum,
Abdul-Hakim