Ganyen Ɗa'ifa Da Ya Kusa Raba Basma Da Zomayenta

Jarwal, Makka.

Zuwa ga taubashina Awwalu, a Gumel.

Awwalu, tun da Goggo Shatu ta haife ka, ka taɓa riƙe ɓeran Masar a tafin hannunka? In ba ka taɓa ba, da wane ilimi ka yanke masa hukunci daga Gumel? Riƙe amsar tukuna, bari in gaishe ka, kada a ce zaman Makka bai koya mini ladabi ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Yaya gwiwar Goggo? Allah ya ƙara mata sauƙi. Na yi mata addu'a da sunanta a Harami, kai kuwa sanyin baki na roƙa maka. Mu nan alhamdu lillahi. Umma tana nan tana tuƙa wa 'yan Umara tuwo a unguwar Misfala, ni kuma ina tura tsofaffi a keke wajen ɗawafi. Kawu Mukhtaru, yayan Umma da ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba, shi ma lafiya, sai dai hannunsa na dama ya sha wuya kwanan nan. Labarin yana tafe.

Ba ka san ƙanwata Basma ba sai a hoto, to bari in sanar da kai wadda ka sa kuka. Shekarunta tara, tana da in'ina, yaran makaranta suna kwaikwayonta har ta kusa daina magana. Shi ya sa na sayo mata zomaye da 'yan ɓerayen Masar, na yi musu keji a saman bene. Da za ka laɓe a bayan tankin ruwa ka ji yadda take zuba musu zance, Larabci da Hausa a haɗe, ba tare da harshenta ya sarƙe ko sau ɗaya ba, da ka san ba kayan wasa ba ne a wurinta. Abincinsu kuwa ba kamar naku ba ne, da mutum zai ɗauki lauje ya zaga bayan gida. Mu cikin iyakar ƙasar Harami muke, ciyawar da ta tsiro da kanta ba a yankar ta, ko da akwai. Dole in sayi barsim, wata ɗanyar ciyawar dabbobi, a hannun Hamad, wani mutumin Ɗa'ifa da ke sauko da ita daga kan duwatsu a bayan motarsa.

Ranar da abin ya faru, Basma ta sauko daga bene tana yarfe hannuwa, duk sun yi ruɗu-ruɗu kamar rina ta harbe ta. Umma ta ruɗe, ta ɗauki hoto ta sa a zauren dangi na waya. Kafin ma mu nemo man shafawa, sai ga muryarka ta shigo, a natse kamar ta liman. Ka ce ɓera dai ɓera ne, cuta ce a jikinsu, wai ka san wani yaro da yatsunsa suka ruɓe a haka. Wane yaro, Awwalu? Ɗan gidan wa? Kawu na ji ya datse ƙofar bene da kwaɗo, ya ce ranar Juma'a zomaye za su shiga tukunya, sauran kuma a sa su a kwali a ajiye bakin bola. Basma ta koma ɗaki tana kuka. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, shi ya sa ban riƙe Kawu a zuciya ba. Kai na riƙe.

Abin bai kwanta mini ba. Ni nake share kejin nan tun da aka kawo su, ban taɓa yin ko ƙurji ba, kuma kafin magariba kumburin hannun yarinyar ya saɓe. Wace irin cuta ce ke tafiya kafin a ci tuwo? Washegari na bi ta benen maƙwabcinmu Bandar na haura katanga don in ba su abinci. Ina kwance damin barsim sai na ji bayan hannuna ya ɗauki wuta. Na duba, ga wani ganye mai baki kamar zarto, jikinsa duk ƙananan gashi. Sai na lura ashe irinsa ne dabbobin suke ture wa gefe, ɗaya zomon ma yana ta goga hanci a ƙasa. Ka san ban yi nisa a makaranta ba, karatuna a allunan shaguna da waya na tsinto shi. Haka na zauna a ranar nan ina haɗa baƙi a waya har na gano sunansa. Larabawa suna ce masa ƙurrais. Gashin ne ke harbi in yana ɗanye, in ya bushe kuwa harbin ya mutu, har kiwo ake yi da shi. Da na kai wa Hamad, dariya ya yi, ya ce lokacin sanyi yakan tsiro cikin barsim, shi hannunsa ya yi kanta bai ma ji. Na faɗa masa abin da ya sawwaƙa, ya ba ni haƙuri.

Ranar Juma'a bayan la'asar Kawu ya hau bene da kwali da wuƙa, Umma na biye da shi. Na durƙusa na roƙe shi ya riƙe ɓera ɗaya kafin ya yanke hukunci. Ya karɓa yana yamutsa fuska, abin ya lafe a tafinsa yana 'yar ƙara, ya juya hannu bai ga komai ba. Sannan na nuna masa ganyen, na ce ga mai laifin, amma don Allah kada ya taɓa. Ka san Kawu. Ya ce shi da ya yi noma a Cadi tun ba a haife ni ba, ni zan tsorata shi da ganye? Ya damƙe shi gaba ɗaya. Wallahi bai yi ihu ba, dattijo ne. Istigfari kawai ya shiga jerawa yana neman ruwan sanyi, hula a karkace, Umma ta juya baya tana ƙunshe dariya. Da zafin ya lafa sai ya miƙo mini mabuɗi ya ce, "Hudaifa, kira yarinyar nan." Gani ya kori ji. Yanzu ina sa safar hannu in tsince ganyen, in shanya shi a bene. Ranar Makka ba ta wasa, nan da nan yake bushewa ƙamas, kuma abin da ya kusa kai su tukunya shi suke rububin ci. Ko ɗaya bai rasa ransa ba.

Saura aikinka. Muryarka tana nan a zaure, gwaggwanni daga Yamai har Abeshe suna ta kiran Umma suna cewa kada ta yi wasa da ran marainiya. Don haka Umma ta yarda Basma ta tsaya bakin keji, amma ta hana ta ɗauka. Ta ce ita ta ga hannun Kawu, amma maganar yaro mai ruɓaɓɓun yatsu ta ƙi fita daga ranta.

Ka gaishe mini da Goggo da kyau, da mai ɗakinka Yalwa, da Baba Mailafiya. Umma da Kawu suna gaishe ku.

Kada ka kira ni a gefe ka ce wasan taubasai ne, ba zan ɗauka ba. A zaure ka yi maganar, a zaure za ka amsa, da muryarka, kowa na ji. Ko ka faɗi sunan yaron nan da unguwarsu, ko ka ce babu shi. Basma tana tsaye bakin keji, hannuwanta a bayanta, kai take jira.

Naka,
Hudaifa.