Ba Zan Sake Tambayarki Sunana Ba

Zuwa ga kakata, Hajiya Dudu, a Poli.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Kawu da iyalinsa. Na san ko an karanta miki wannan wasiƙa ba lallai ki riƙe ta ba. Duk da haka ke nake rubuta wa.

Makon jiya a lise, makarantarmu ta sakandare, malamar kimiyya ta yi mana darasi kan ɓerayen da masu bincike ke kiwo. Ana koya wa ɓera hanya har ya san inda abincinsa yake. Akwai wani sinadari, cikin waɗanda ake kira siteroyid, da jiki ke fitarwa lokacin tsoro ko damuwa. Kaɗan daga cikinsa yana taimaka wa riƙo. Idan ya yi yawa kuma ya daɗe, sai ɓeran ya riƙa ɓatan hanyar da ya sani.

Na kasa kwafe sauran darasin, Kaka.

Na tuna ranar da kika fita sayen kifi, kika ɓata, mai babur ya dawo mana da ke unguwarmu ta Pumpumre, ba kifi, ba takalmi ɗaya. Daga ranar duk wanda ya zo dubiya sai ya durƙusa ya ce, “Kin gane ni?” Ni ma kowace safiya kafin in tafi makaranta sai na tambaye ki sunana. Na ɗauka motsa miki ƙwaƙwalwa nake yi. Sai ki damƙe gefen mayafinki, gumi ya tsattsafo miki a goshi, ki ce, “Kar ki yi fushi, yarinya, yanzu zai zo mini.”

Da aka tashi daga darasin na jira kowa ya fita, sannan na iya tambayar malama. Ta ce ɓera ba mutum ba ne, kuma ba tambaya ke kawo ciwo irin naki ba. Na yarda. Amma tsoron nan, da idona na gan shi, kuma ni nake kawo miki shi.

Tabarmarki tana nan bayan ƙofa. Tun da Kawu ya tafi da ke ban yi kitso mai daɗi ba. Kowa ja yake yi, ke kuwa har barci nake yi a cinyarki.

Baba ya yarda in zo da hutu. Idan na shigo ba zan tambaye ki komai ba. Zan durƙusa in ce, “Ni ce Hadiza, jikarki.” In kin manta, in sake faɗa, ko sau nawa ne.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sanyaya miki zuciya, Ya sa in same ki.

Jikarki mai kewarki,
Hadiza, daga Garwa.