Fotunan Zuwaira a Aljihun Malam

Daren Laraba, kwana arba'in da rasuwar Malam

Yau aka yi sadakar arba'in. Ƙafafuna sun kumbura, amma zuciyata ta yi sanyi.

Sati uku ke nan 'yata Zuwaira tana cewa ba za ta yi jarrabawar bak ta shiga jami'a bana ba. Wai wa zai zauna da ni ina takaba, wa zai je mini kasuwa. Na lallasa, na yi faɗa, sai ta ce, "Inna, don Allah ki bar maganar nan." Ga shi jibi za a rufe karɓar dosiye, wato takardun rajistar jarrabawar, a lise, makarantarsu ta sakandare. Ni da ban wuce aji shida ba, ko takardun da ake haɗawa ban sani ba.

Da la'asar baffanta na Hamdara ya ce a fito da rigunan Malam a bayar sadaka. Ina laluben aljihu yadda na saba kafin wanki, sai na ji ambulan a shuɗiyar rigarsa ta Juma'a. Takardar haihuwarta ce da ƙananan fotunanta huɗu. A bayan ambulan ɗin ya rubuta da ajami: "Na jami'a."

Na miƙa mata. Ta yi kuka har na tsorata. Can ta share ido ta ce, "Kai, Baba! Waɗanda na fi muni a ciki ya zaɓa." Muka yi dariya, irin wadda gidan nan ya manta.

Ta goge hijabinta, ta ce in tashe ta da asuba. Allah ya jiƙanka, Malam. Ka yi naka, gobe za ta kai takardun.