Injin da Yake Mutuwa a Hannun Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Na rubuto ne don wayarka ta zama ta ado, duk sanda na kira sai a ce kana taro. Takarda dai ko a tsaye ka karanta.

Maganar filin gida ce. Ka san tun da Mama ta rasu Baba bai yarda kowa ya taɓa ciyawar nan ba, shi da tsohon injinsa na yankan ciyawa, wanda ake turawa da hannu, daga bakin gareji har katangar baya. Da a yini ɗaya yake gamawa. Yanzu sai ya kwana huɗu, kafin ya kai ƙarshe farkon ya sake tofowa. Ranar Talata na dawo daga aiki na tarar da shi zaune dirshan a gindin gwaiba, inji yana ta ƙugi shi kaɗai. Wai santsi ne ya kwashe shi. Ko ɗigon ruwa babu a wurin.

Na ce a ɗauko mai aikin lambu, ya kalle ni kamar na ce a sayar da gidan. Amma da na kawo zancen injin da ake hawa, mai kama da ƙaramar tarakta, bai musa ba. Cewa ya yi, "Injiniya ne ya san inji, ya zo mu je mu zaɓa." Kai yake nufi, kuma wannan karon ba zolaya ba ce. Shekara uku rabonka da gida. Ya ɗan rame.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu wasiƙarki, na kuma gode da kulawar da kike yi. Ki yi wa Baba sannu.

Zuwa yanzu ba zai yiwu ba, aikin gadar da ke hannuna ya kai inda ba zan iya ɗaga ƙafa ba. Amma zaɓen inji ba sai mutum yana wurin ba, lissafi ne. Ki auno mini faɗin ƙofar gareji, da tazarar da ke tsakanin bishiyoyi, ki kuma gaya mini ko gangaren bayan rijiya yana nan yadda na san shi. Akwai mai sitiyari, akwai mai sanduna biyu da ke juyawa a wuri ɗaya, akwai kuma mai batir wanda ba ya ƙara. Ni na fi karkata ga babba mai faɗin wuƙa, don fili kamar namu ya gama shi a awa ɗaya. Idan wata bishiya ta tare hanya, a sare ta.

Ramar da kika ce, tsufa ne. Ki riƙa matsa masa ya ci abinci.

Yayanki

*

Yaya Injiniya,

Ina gaisuwa. Na auna, sai dai awon bai yi amfani ba. Da na karanta wa Baba inda ka ce a sare bishiya, tashi ya yi ya bar mini falon. Ka manta gwaibobi biyun nan Mama ce ta dasa, ɗaya da aka haife ka, ɗaya da aka haife ni? Tsakaninsu taku ɗaya da rabi ne, babban injinka ba zai wuce ba.

Ranar Asabar muka je kantin injuna. Baba ya sa rigarsa mai ruwan toka, wadda yanzu take yi masa kamar ta aro. Mai kanti ya yi ta zuba, wannan ƙarfin doki kaza, wancan tanki kaza, Baba ko a jikinsa. Da aka nuna masa mai sanduna biyu, Baba ya ce ba zai koyi tuƙi da furfura ba. Mai batir kuwa, ya ce injin da ba ya ƙara munafuki ne. Sai ya zaro igiya daga aljihu, ashe ya auno tsakanin gwaibobin da ita ya ƙulla, ya riƙa bi yana gwada ta da faɗin kowane inji har ya samu ƙarami, ja, mai sitiyari, wanda ya shiga. Ya hau, ya kama sitiyarin, ya tambaye ni ko kana ganin wannan ya yi. Na ce ai ba ka nan. Ya ce ya sani.

An kawo shi jiya. Rabona da in ga haƙoransa a waje har na manta.

Auta

*

Auta,

Madalla. Ƙarami ne, zai ɗauki lokaci, amma tunda ya yi masa shi ke nan. A canza baƙin mai bayan awa biyar na farko, kada a manta. Ina sa ran leƙowa idan ruwa ya ɗauke. Ki gaida Baba da kyau.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Daɗin bai kai mako uku ba. Injin mutuwa yake yi. Yana tashi lafiya, ya yi tafiya kaɗan, da zarar taya ta taka ɗan tudu ko rami sai ya yi tsit. Baba ya murɗa makulli, injin ya tashi, ya je gaba, ya sake mutuwa. Shekaranjiya daga taga na ƙirga sau goma sha ɗaya tsakanin rijiya da katanga. A na ƙarshen bai sake murɗawa ba, ya zauna a kai a tsakiyar fili, hannu a cinya, har na fita na ce masa shayi ya huce.

Ya hana ni gaya maka, wai kada ka ce bai iya zaɓe ba. Ga shi na gaya maka.

Auta

*

Auta,

Abin da nake gudu ke nan. Mai kantin nan ya ga tsoho da mace ya cusa muku gwanjo da sunan sabo. Na rubuta masa takarda mai zafi, na kuma ce ya turo makanike cikin kwana biyu ko ya zo ya ɗauki kayansa. Wataƙila datti ne a hanyar fetur, ko waya ce ta saki. Ki tsaya a kansa, kada ki bar shi ya tafi sai kin ga inji ya zagaye filin sau biyu. Ki ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, ina kan maganar.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma yau ba ni da bakin wasa.

Makanike ya zo, wani ƙato mai tumbi. Ya hau ya zagaye filin sau uku, ya bi gangare, ya bi ramuka, inji ko tari bai yi ba. Ya ce Baba ya hau ya gani. Ko rijiya bai kai ba injin ya mutu. Mutumin ya ɗaga kujera ya nuna mana wani ɗan maɓalli a ƙarƙashinta. Ya ce an yi shi ne don tsaro: idan babu nauyin mutum a kan kujera, inji ya kashe kansa don kada wuƙa ta sari wanda ya faɗo. Ya ce sai dai idan yaro ne ya hau ake ganin haka, da an yi tsalle kaɗan sai injin ya ɗauka babu kowa a kai. Da ya faɗi haka ya dubi wuyan Baba, ya dubi hannunsa, ya shiga haɗa kayan aikinsa.

Baba ya ce a cire maɓallin. Makanike ya ce ba da hannunsa ba, ni ma na ce ban yarda ba.

Akwai abin da Baba ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa maka ba, tun watan da muka fara zuwa asibiti duk ranar Alhamis. Ya ce kana da aiki a gabanka, kada a ɗaga maka hankali. Ba zan karya alkawari ba. Abin da makanike ya ce kawai na faɗa maka, kai ne mai lissafi, ka lissafa. Injin ba ya jin Baba a kansa, Yaya.

Ka nemi afuwar mai kanti. Kuma don Allah ka daina turo mana mutane. Na gaji, ina jin tsoro, kuma ni kaɗai ce a gidan nan.

Auta

*

Injiniya,

Ina gaishe ka, da matarka da jikokina. Na ji Auta ta yi surutu, halinta ne tun tana goyo.

Inji lafiyarsa ƙalau, na gyara shi da kaina. Na samo tsohuwar jakarka ta makaranta a sito, na sa ƙananan jan bulo biyu a ciki, ina goyawa in hau. Bai ƙara mutuwa ba. Yana wucewa tsakanin gwaibobi kamar don su aka ƙera shi. Taka gwaibar ta yi 'ya'ya bana, tsuntsaye suna sha.

Ka gama gadarka, mutane suna jira su haye. In ka samu sarari ka zo ka gwada shi.

Mahaifinka

*

Auta,

Na samu taki, na samu ta Baba. Taki ta tayar mini da hankali, amma tasa ta kwantar, ga rubutunsa nan garau, har da dabarar bulo. Kin san ki da ɗaukar abu da zafi. Saura mako biyar mu miƙa aiki, ranar da muka miƙa zan kamo hanya, wannan alkawari ne. Ki tambayi likita ko akwai abin ƙarin kuzari da zan aiko.

Yayanki

*

Yaya,

Mako biyar ya yi yawa. Kwana shida ke nan bai fita fili ba. An sauko masa da gado falo, kusa da taga. Ciyawa ta kai ƙwauri, ya hana ni yankewa, ya ce a bar maka.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Tun da muka dawo daga binne Baba ba ki ce mini uffan ba, kika haɗa kaya kika tafi gidan Gwaggo. Ban ga laifinki ba. Na san wayata ba za ki ɗauka ba, shi ya sa na rubuto.

Yau da safe na buɗe gareji. Ciyawa ta kai gwiwa. Jakar tana rataye a sitiyari, sunana da Mama ta rubuta a jikinta bai goge ba. Na kai hannu ɗaya in sauke ta, ta ƙi, sai da na sa biyu. Ya rubuto mini bulo biyu. Biyar na samu a ciki, naɗe da tawul don kada su ci masa baya. Ke kina ganin sanda yake ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, ni ina can ina tambayar ko an canza mai.

Na hau, bugu ɗaya ya tashi. Na yanke filin duka, na bi gangare, na bi ramuka, na wuce tsakanin gwaibobi. Ina ta jira ya mutu ko sau ɗaya ne, bai mutu ba.

Gwaibobi sun nuna suna zuba a ƙasa, ban san yadda kuke yi da su ba. Ina nan, ban sa ranar komawa ba. Ki dawo gida in kin iya kallona.

Yayanki