Ƙararrawar Bayan Ɗakina Ta Yi Shiru

Ingila, 14 ga Oktoba, 1979

Zuwa ga Yaya Jibrin, Dala, Kano.

Assalamu alaikum. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya Indo da yara? Na ji soja sun miƙa mulki, Allah ya sa alheri ne.

Ni lafiya lau, sanyin ma na fara sabawa da shi. Sai dai ƙauyen nan babu masallaci, balle ladan. Da ƙararrawar cocin bayan ɗakina nake gane lokacin salla. Wasu dattawa ne masu ƙungiya suke jan igiyarta. Makon jiya suka liƙa sanarwa cewa ta tsage, an sauke ta sai bayan wata uku. Da na gaya wa shugabansu cewa da ita nake salla a kan lokaci, har haƙuri ya ba ni. Ina da agogo, amma agogo ba ya kiran mutum. Jiya ina cikin karatu La'asar ta wuce ni. Kada Inna ta ji.

Don Allah ka ari rakoda, ka ɗauko min kiran sallar Malam Ilu, ladanin unguwarmu, a kaset, ka aiko min. Wannan tarin da yake yi kafin ya fara, wanda muke yi wa dariya muna yara, kada ka goge shi.

Ƙaninka,
Mikail