Motar Da Za Ta Ja Gidan Linus

Bukuru, Jos

Zuwa ga aminina Linus, Baban Adaugo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da yara da jikoki. Matata Kubra tana gaishe ka. Na koma rubutu ne don waya da kai wahala ce: ni ina ihu har maƙwabta su ji sirrina, kai kana ta "Eh? Eh?" Guduma ta gama cinye maka kunne a gareji. Okey, direban bas ɗin Nsukka, shi zai riƙa kawo maka takarda.

Maganar gidan taya ce, ɗakin nan naka na ƙarfe mai tayoyi da Turawan kuza suka bari, inda kuka fara zama kai da marigayiya Nkechinyere. Yana nan a gaban filina yadda ka bar shi. Ibrahim ɗana zai gina shaguna a wajen da zarar ruwa ya ɗauke, har yana cewa a sayar wa 'yan gwangwan. Na ce ba da raina ba. Ranar da ka tafi kai gawar matarka gida ka ce bayan bikin Ista za ka dawo. Ista ta zo ta wuce har na daina ƙirgawa. To ni zan jawo maka abinka har ƙofar gida.

Sai dai ni direba ne, kai ne bakanike. Wace mota za ta iya? Ibrahim ya ba da motarsa Siyena.

Naka har kullum,
Badruddeen

*

Nsukka

Oga Badaru,

Na ga takarda, na gode. Ina Madam Kubra? Ina sanyi? Nan zafi kawai muke ci.

Siyena? Abeg. Wannan motar kai amarya ce. Ka ji da kyau. Mai ja dole ya fi wanda ake ja nauyi. Gidan nan ƙarfen da ne, kuma ba shi da birki nasa. Hawa ba komai, gangara ce matsala. In kun zo Hawan Kibo gidan zai tura motar daga baya, shi zai zama direba. Giyar otomatik kuma za ta yi zafi tun kafin Akwanga. Ka nemi mota doguwa, mai nauyi, mai giyar hannu. Ƙugiya a ɗaura ta a ƙarfen ƙasan mota, ba a jikin bamba ba.

Labulen da Nkechi ta ɗinka yana nan? Furen da ta shuka a bakin ƙofa fa? Kada ku yi sauri.

Allah ya kiyaye mu,
Linus

*

Bukuru, Jos

Baban Adaugo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Albishirinka! Na sha yawo daga unguwar Congo-Russia har Anguwan Rukuba ina leƙa ƙarƙashin motocin mutane kamar mai neman kaza. A-kori-kurar farko da na gani ba ta da nauyi, na wuce ta da kaina. Sai Allah ya haɗa ni da Mwadkon, ɗan tsohon maƙwabcinmu, mai kai kabeji daga Vom zuwa Makurdi. Hilux gare shi, doguwa, giyar hannu, kuma Hawan Kibo ya zame masa tsakar gida. An ɗaura ƙugiya inda ka ce. Mun sa wa gidan sababbin tayoyi, muka gwada ja, wallahi ya motsa. Sai da idona ya kawo ruwa.

Labule yana nan, Kubra ke wanke shi duk Kirsimeti. Furen ya kai tsayin taga. Za mu tone shi mu sa a bokiti ya zo maka tare.

Ka ce mu taso kawai.

Naka,
Badruddeen

*

Nsukka

Oga Badaru,

Ina gida, ina jiki? Hilux ba laifi. Amma Mwadkon ɗin nan na san shi, shi ya taɓa faɗawa kwata da keke. Kuma iskar tirela za ta riƙa kaɗa gidan a gadar Makurdi. Farar mota ma tana jan idon 'yan sanda. Ku bari sai baɗi.

Kada a tone furen.

Linus

*

Bukuru, Jos

Linus,

Gaisuwa, ko da yake yau a taƙaice take. Mwadkon da ya faɗa kwata yana da furfura yanzu, har da jika. Kuma motar ba fara ba ce, shuɗiya ce, ban ma taɓa gaya maka launinta ba.

Na aiko Okey da maganar Landroba, ya ce ka girgiza kai. Na aiko da maganar janwe, ka ce a'a. Na ce a ɗora gidan gaba ɗaya a bayan tirela, ka ce rufin zai taɓa waya. Na lura ko jirgin ƙasa na kawo maka, cewa za ka yi hon ɗinsa ba ya ƙara.

An sauke bulo a filin, Ibrahim kullum sai ya kalle ni. Gwiwoyina sun gaji, raina kuma ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Mun yi ƙuruciya tare a bakin kududdufin kuza, ba yau za ka fara yi mini kwana-kwana ba. In ba ka son gidan, faɗi.

Badruddeen

*

Nsukka

Badaru ɗan'uwana,

Na gaishe ka, ka yi haƙuri. Motar Mwadkon za ta iya, tun farko na sani.

Ni a Bukuru aka haife ni. Nan Nsukka garin ubana ne, amma ɗan Jos suke kirana. Mafarki ma da Hausa nake yi, in na tashi babu wanda zan ba labari. Adaugo ta ce hawan jini, ta ce hanya, ta ce kunne, ba za ta bar ni in yi tafiya ba. Yarinyar kirki ce, tsoro take ji.

Kullum da safe ina gaya wa kaina ina da ɗaki a Jos, makulli yana hannun Badaru, wata rana zan je in buɗe. Da wannan nake tashi daga gado. In ka kawo shi nan, tsohon akwatin ƙarfe ne kawai a cikin rana, kaji za su shiga. Ni kuma shi ke nan, ba ni da komai a Jos. Ina kewar garin Jos, Badaru. Ina kewarka.

Amma fili naka ne, yaronka kuma yana neman abinci. Ka yi abin da ya kamata. In 'yan gwangwan ne, kada ka gaya mini.

Ɗan'uwanka,
Linus

*

Bukuru, Jos

Aminina Linus,

Gaisuwa irin ta da. Kai dai tsohon banza ne, ka sa na yi ta rarrafe a ƙarƙashin motoci da tsufana.

Mwadkon ya ja gidan jiya. Tafiyar ba ta kai daga ɗakina zuwa masallaci ba: bayan gida, gindin bishiyar fiya. Kubra ta sadaukar da lambun alayyahunta, ita da kanta ta dasa furen a bakin ƙofa. Na sa an cire tayoyin, an ɗora shi a kan duwatsu. Babu mai sake jan sa.

Saura mota ɗaya da za a zaɓa, wannan kuma ni direba na zaɓa: bas ɗin Okey, kujerar gaba. Kubra ta yi waya da Adaugo, sun yi kukansu sun gama. Adaugo ta yarda, tare za ku zo, ita ke riƙe da magani.

Makulli yana aljihuna.

Naka har kullum,
Badruddeen

*

Nsukka

Oga Badaru,

Na je na duba bas ɗin Okey. Tayar baya ta cinye, birkinsa ma ban yarda da shi ba. Asabar za mu shigo.

Ka zo tasha da rigar sanyi. Tawa na kyautar tun shekarar da na daina sa rai.

Sai mun iso,
Linus