Tasar Soron Pauwa

Laraba, 27 ga Yuli, 1977

Baba ya iso daga Kaduna da la'asar, a sabuwar Fijo fara, ko ledar kujerun ba a cire ba. Na durƙusa a zaure na gaishe shi, ya amsa yana duban bango. Sa'an nan ya juya wurin ƙanensa, Baba Bilya, ya ce, "Yarinyar nan tana karatu kuwa?" Ina nan durƙushe a gabansa.

Ba fushi ba ne, na sani. Ni 'yar fari ce, shi ya sa tun yaye aka kawo ni nan Ƙanƙara wurin kakata Dada. Shi ma ɗan farinta ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Yau har ta raɗa masa sabon suna: mai motar nan.

Abin da ya kawo shi idon Dada ne. Yanar ido ta rufe na hagu, na dama saura kaɗan. Likita ya sa ranar aiki, Talata 9 ga Agusta, kafin azumi. Ya ce mai yiwuwa a dace, mai yiwuwa ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Don haka Baba yana so ya zaga da ita ta ga ƙasa tukuna. Aka tambaye ta ina take so. Ta ce, "Duk inda aka kai tsohuwa."

Alhamis, 28 ga Yuli

Da hantsi muka fita a ƙasa ni da Dada, hannunta a kafaɗata. Ashe ban san garinmu ba. Bayan marina akwai ragowar ganuwa, ta zaizaye ta koma kamar doron raƙumi, ciyawa ta fito mata kore shar, awaki suna hawa suna sauka. Da wata kuka mai kogo, wadda mutum biyar ba za su rungume ta ba.

Dada ta ce in gane mata. Na fara, "An gina ganuwa ne domin kare gari daga mahara." Ta mintsine ni.

"Malama Suwaibatu, ban ce ki karanta mani ba. Cewa na yi ki gane mani. Mi ke bisa kanta?"

Na duba. Na ce ɗan akuya ne baƙi, ƙafa ɗaya fara, yana cin tafasa.

"To, yanzu na gani."

Asabar, 30 ga Yuli

Faskari! Ban san yadda zan rubuta duwatsun ba. Daga nesa kamar giwaye sun kwanta cikin dawa, bayansu yana sheƙi saboda ruwan jiya. Wani ƙato ya hau kan wani, a ɗan wuri kamar tafin hannu, ban san me ya riƙe shi ba in ba ikon Allah ba. Akwai sunansu a littafin labarin ƙasa, na haddace shi don jarrabawa, amma littafin bai ce ruwa yana taruwa a ramukan samansu har kwaɗi su yi gida ba. Mun hau ƙarami ɗaya. Daga can ana ganin gonaki jeri jeri har inda ido ya ƙare, da shanu farare kamar an watsa auduga.

An shiga da mu wani tsohon zaure a cikin gari. Waje zafi, ciki sanyi kamar randa. Bakuna huɗu na ƙasa sun taso daga bango sun haɗu a sama, ba ƙusa ba katako a bayyane. Dada ta shafa bangon ta daɗe. Ta tambaye ni a kunne ko akwai tasa a tsakiyar rufin. Na ce babu. Ta sauke hannunta daga bangon.

Zaman motar kuwa abin dariya. Baba ya faɗa wa Baba Bilya, Baba Bilya ya waiwayo ya faɗa mini, ni in faɗa wa Dada, alhali duk muna jin juna. Baba Bilya ya ce, "Ni dai an mai da ni gidan waya. Dada, ɗanki ya ce ko za ki sha lemo."

"Ɗan banza, ni ɗa guda na sani, shi ne mai bakin nan."

Na ga kunnen Baba ya motsa. Ina jin murmushi ya yi.

Duk sabon gini da muka wuce sai ya rage gudu: makarantar firamare mai rufin kwano, gidan mai, tankin ruwa. Yana so ta gani. Ita kuma takan ce, "Madalla."

Lahadi, 31 ga Yuli

Ina tsefe mata kai a inuwar rumbu sai ta fara magana, kamar da kajin take yi.

A Pauwa aka haife ta. Mahaifinta falke ne, ya gina wa uwarta ɗakin soro, ya sa aka manna tasar tagulla a tsakiyar rufin, wadda ya sayo a fataucinsa. Da Dada ta koma gida goyon ciki, a ɗakin nan ta sauka. Nan aka haifi Baba. Iyayenta suka rasu, 'yan'uwa suka watse, gidan ya koma hannun wasu, rabonta da garin ya fi shekara talatin.

"In suka taɓa idon nan aka rasa, da na so a ce ita na gani daga ƙarshe."

Na ce to me ya hana ta faɗa ran Laraba. Ta juyo har tsifar ta kuɓuce mini.

"In ce a kai ni ɗakin da na haife shi? Da bakina? A boko haka aka koya maku?"

Ba ta ce in faɗa ba. Ba ta ce kada in faɗa ba. Ta dai miƙo mini kai na ci gaba.

Litinin, 1 ga Agusta

Ban faɗa ba.

Talata, 2 ga Agusta

Mun je garin Sabuwa, muka zarce Damari. Ƙasar can ta fi tamu duhun itace: ɗorawa, kaɗanya, maɗaci, ga dawa ta fi mutum tsawo. Mun bar mota muka bi wata 'yar hanya zuwa rafi. Ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya, ga gidajen tsuntsaye suna lilo a reshe bisa ruwa, masu su rawaya, suna ta hayaniya kamar ranar kasuwa. Na raɗa wa Dada duka. Ta ce na fara iyawa.

Na yi niyya in faɗa wa Baba Bilya, shi ya san yadda zai isar. Sau biyu ina buɗe baki. Na farko ya ce, "Malama za ta yi lacca, a yi shiru," sai na ce ba komai. Na biyu Baba ya matso.

Haka nake a makaranta. Na san amsa, in rubuta ta a gefen littafi, wata ta ɗaga hannu ta faɗa.

Laraba, 3 ga Agusta

Baba Bilya ya tafi Funtuwa neman takin zamani, sai Asabar. Gobe ce fita ta ƙarshe, Baba zai kai mu mu ga sabuwar gada. Juma'a ba a fita, Asabar shirin tafiya.

Dada ta ji. Ta sa na ciro mata zanen saƙi mai ratsin shuni daga ƙasan adaka, wanda ba ta ɗaurawa ko da Salla. Don gada?

Na ture tuwona gefe.

Alhamis, 4 ga Agusta

Bari in rubuta a jere.

Mu uku a mota, kujerar gaba ba kowa. Baba ya kunna rediyo ya kashe. Na san inda hanyar Pauwa ta rabu da titi, wurin wata tsamiya, kuma ga ta can tana matsowa. Na dubi Dada. Tana zaune tsaf cikin zanen saƙinta, fuskarta a taga.

Muka zo daidai. Muka wuce.

"Baba."

Ban san muryata ba ce sai da ya taka birki.

"Baba, hanyar Pauwa ce muka wuce."

Injin kawai ke kaɗawa. Dada ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wa ya aike ki?"

Baba ya dubi madubi, ya dubi zanen, ya daɗe. Ya ce wa sitiyari, "A tambaye ta ko can take so."

Na tambaye ta.

"Mota tasa ce."

Ya sa ribas.

Ba mu yi nisa ba Fijo ta kafe a laka. Na ɗauka shi ke nan. Baba ya fito, ya dubi tayoyin, ya kulle motar, ya naɗe ƙafar wando, ya riƙe takalmansa a hannu ya shige gaba. Muka bi shi ta cikin gero. Ban ga komai a tafiyar nan ba, in faɗi gaskiya, sai dugadugansa cikin taɓo. Dada ce ma take gane mini. Tana jin ƙamshi ta ce, "Mun kusa fadama." Ƙasa ta yi tauri ta ce, "Nan ƙofar gari take da."

Mai gidan yanzu wani dattijo ne, Malam Barau. Da ya ji ko 'yar wace ce sai ya ce, "Ikon Allah, ɗiyar mai soro," ya sa aka shimfiɗa tabarma. Dada ba ta zauna ba.

Ɗakin yana nan. Zanko ɗaya na kusurwar rufin ya karye, sun mai da shi ma'ajiyar dawa, amma yana tsaye, ja, da zanen yatsu a jikin yaɓen. Ƙofar gajera ce. Muka sunkuya ni da ita, Baba ya tsaya a waje. Ciki duhu, warin dawa da jemage. Da idona ya saba na hango ta can sama inda bakunan suka haɗu, ta yi baƙi da hayaƙi amma gefe ɗaya yana nan ja.

Na ce, "Dada, tana nan."

Ta ɗaga kai. Ta juya nan, ta juya can, ta kare idon hagu da hannu. "Ban gani."

Na fara gane mata yadda na saba. Ta ce, "A'a. Wannan ba a gane mani."

Aka kawo fitilar ƙwai, hasken bai kai ba. Baba ya ce wa Malam Barau tocilarsa tana mota, zai koma. Sai na tuna da yadda 'yan ajinmu suke haska wa juna ido da murfin gwangwani. Na roƙi matar gidan farantin silba, ta ciro daga jere. Rana tana tsakar gida, ni kuma dole in tsaya ciki in ga inda hasken ya faɗa. Na fito da farantin ban san wa zan ba ba. Baba ya miƙo hannu.

Hasken ya shigo ta ƙofa ya faɗi a kan buhu.

"Sama, Baba."

Ya hau bango.

"Sama kuma. A'a, ka wuce. Dawo dama. Durƙusa kaɗan."

Ya durƙusa, a cikin lakar tsakar gida, da farar rigarsa. Ya ce, "Haka?" Ni ya tambaya.

"Hagu kaɗan. Kaɗan."

Tasar ta kama. Duk rufin ya yi ja kamar an hura wuta. Hannunsa ya ɗan girgiza, hasken ya zame, sai Dada ta ce da ƙarfi, tana fuskantar ƙofa:

"Tsaya nan. Kada ka motsa."

Bai motsa ba.

Ta daɗe tana kallo. Can ta ce mini, yadda na waje zai ji, "Ita na yi ta kallo ran nan, tun hantsi har la'asar. Ranar Alhamis ce. Da aka gama na ce a ɗaga shi shi ma ya gani, inna ta ce ba ni da kunya."

Da muka fito na ga gumi yana zuba daga haɓar Baba cikin farantin. Ya miƙa wa matar gidan, ya sunkuya ya shiga ɗakin shi kaɗai.

Mutanen Malam Barau suka turo mana mota. Ba mu ga gada ba.

Juma'a, 5 ga Agusta

Komai ya koma yadda yake. Da safe Dada ta ce a gaya wa mai motar nan kokonsa yana hucewa. Na kai saƙon. Ya ce wa ƙofa, "To."

Ta sa na mayar da zanen ƙasan adaka.

Litinin, 8 ga Agusta, Kaduna

Ba a shirya da ni ba. An sa kaya a but, Baba ya fara, "Bilya, a gaya wa yarinyar nan," sai ya tsaya. Ya ce, "Ɗauko kayanki. Ki shiga gaba, an fi gani."

Baba Bilya ya ce wato an kore shi daga gidan waya ba ko sallama.

Hanya doguwa ce. Na gane wa Dada abin da ya samu: manyan motocin siminti a jere, ganuwar Zariya, wata mata da tulu uku a ka. Daga gaba raɗa ba ta kaiwa, dole sai an ɗan ɗaga murya. Baba ya gyara mini sunan wani kogi. Wani wurin kuma ya nuna da haɓa ya ce, "Wancan fa, ba ki faɗa mata ba."

Gobe da safe ne aikin. Dada ta ci tuwonta tas. Ta ce in sun gyara, to, in sun ɓata, ta riga ta gani.

Maƙogwarona yana ciwo, muryata ta dushe. Ina jin iskar taga ce.